Hattara da 'yan kamashon da ke kawo takardar bashi bayan an rabu lafiya

Jama'ar Yamai, musamman masu neman gidan haya ko fili, ku kula da wannan dabara. Mutum zai manne muku, ya kai ku ku ga gida, ko ya ce zai bi muku takardar fili a ofis. In kun tambayi ladansa sai ya ce: "Haba Alhaji, ai sai abin da ka bayar." Bayan an gama, ga shi da faktur (takardar neman biya) mai hatimi, ya rubuta jika ɗari uku ko fiye, yana cewa zai kai ku kwamisariya.

Faktur da mutum ya rubuta da hannunsa ba ta zama hujja a kan wani. Sashe na 1315 na dokar farar hula ya ɗora wa mai neman biya nauyin kawo hujja. Kuma bashi maganar kotu ce, ba a kulle mutum a kwamisariya don shi.

Amma kada ku saki jiki don kawai ba ku sa hannu ba. Yarjejeniyar baki ma tana ɗaure mutum idan an tabbatar da ita. In kai ɗan kasuwa ne kuma abin ya shafi kasuwancinka, sashe na 5 na dokar kasuwanci ta OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya, har da Nijar) ya yarda a kawo kowace irin hujja a kanka, har da ta waya. Nan tarkon yake. Ɗan kamashon zai dame ka da kira har ka tura saƙon WhatsApp cewa "yi haƙuri, zan biya", ko ka tura masa jika ashirin don ka huta. Wannan saƙo da wannan rasidi su zai kai gaban alƙali a matsayin ka amsa bashi.

Saboda haka kafin ya taka ƙafa, a rubuta aikin da ladan, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. In ya riga ya kawo takarda, amsa masa a rubuce cewa ba ku yi wannan tsada ba.

Idan kuma wisiye, wato mai isar da takardun kotu, ya kawo muku umarnin biya daga kotu, kada ku ajiye shi a aljihu. Tun Fabrairun 2024 kwana 10 kacal ake da su na ƙalubalantarsa. In suka wuce, ana iya kama kayanku ko kuɗinku na banki. Ku ga lauya ranar da takardar ta iso.