"I know" ko "I'm sure": Wanne ya dace da zancenka?

Masu koyon Turanci kan ɗauki waɗannan biyun abu guda, alhali aikinsu daban.

"I know" na nufin "na sani", kuma yana ɗauke da da'awar cewa abin gaskiya ne. "I'm sure" kuwa "na tabbata" ne, abin da ya zauna maka a zuciya, ko da hujja ko babu. Ga hanyar gwadawa: za ka iya cewa "I was sure, but I was wrong", wato na haƙiƙance amma ashe kuskure na yi. Da "I knew" ba a faɗin haka, domin sani ba ya zama kuskure. Shi ya sa idan ka ga motar maƙwabcinka a ƙofar gida amma ba ka gan shi ido da ido ba, "I'm sure he is at home" ya fi dacewa.

Wajen ginin jimla ne ake yawan tuntuɓe. "Know" aikatau ne, yana ɗaukar karɓau kai tsaye: "I know Kano". A ma'anar sani ba a cewa "I am knowing". "Sure" sifa ce, galibi kalma irin su "am", "is", "are" ko "was" kan gabace ta, sai "of", "about" ko "that" su biyo baya, ko da yake ana iya barin "that": "I'm sure of the date".

A kula da ladabi kuma. Babba na yi maka bayani ka ce "I know", zai ji kamar ka katse shi. Gara ka ce "I see", wato "na gane".