Maganin wankin inji a tsohuwar babbar mota: wane inji ne ke ɗaukarsa, wanne ne ba ya ɗauka

Maganin da nake nufi shi ne wanda ake zubawa a cikin baƙin mai dab da juye, a bar inji ya zagaya da shi na ɗan lokaci, sannan a zubar da shi tare da tsohon man. Wanda na fi amfani da shi shi ne Pro-Line Engine Flush na kamfanin Liqui Moly na Jamus, gwangwani mai mililita 500, a injunan gas na tsofaffin kanta da tifa da Marsandi 911. Akwai na Wynn's da na STP a kasuwa, kuma aikinsu kusan ɗaya ne: sinadarai ne masu narkar da laka da toka su riƙe su a cikin mai har a zubar. Maganin yana wanki da gaske, ban da shakka a kan wannan. Amma ko a ci riba ko a yi asara, ya danganta ne da halin da injin yake ciki kafin a buɗe gwangwanin.

Don haka aikin farko shi ne a cire murfin bawul a duba da ido, a taɓa da yatsa. Idan ƙarfe ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, da 'yar laka mai laushi a lungu wadda yatsa ke sharewa, wannan inji zai amfana. Idan aka tarar da datti mai kauri kamar kwalta, ko wanda ya bushe yana ɓantarewa, a mayar da maganin kan kanta. Idan kuma aka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a cikin murfin ko a jikin gejin mai, wato sandar da ake duba yawan mai da ita, ruwa ne ke shiga mai, galibi ta gasket ɗin kan inji ko ta na'urar sanyaya mai. Wannan gyara yake so, wanki ba zai taɓa shi ba.

Abu na biyu da mutane ke tsallakewa shi ne auna ƙarfin mai. A ɗaura geji na hannu a wurin da sensar ƙarfin mai take, a karanta lokacin da inji ya yi zafi yana silo, wato yana aiki a tsaye ba a taka totur ba, a rubuta. Jan wutar da ke gaban direba ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa, kuma a tsofaffin motoci da yawa ma an daɗe da cire wayarta. Injin da tun farko ƙarfin mansa ke ƙasa, metal ɗinsa, wato faifan ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansu, sun riga sun ci, kuma maganin yana sirantar da mai. A zuba masa shi, an ƙara wa Barno dawaki ne ta wajen matsala.

Yadda ake aikin ba wuya. A ɗumama inji har ya kai zafinsa na aiki, a kashe. Gwangwani ɗaya na mililita 500 na lita 5 ne na mai, saboda haka injin da ke ɗaukar lita 10 gwangwani biyu yake so, na tirela mai ɗaukar sama da lita 30 kuwa shida ko fiye, kuma nan kuɗin ke fara magana. A duba gejin yawan mai kafin a zuba, idan man ya riga ya kai layin sama a rage kaɗan, don kada karanshaf ya riƙa bugun mai yana kumfa. A tayar, a bar shi a silo minti 10 zuwa 15. Kada a taka totur, kada a matsa da motar ko da daga bakin gareji zuwa inuwa. Mutum ɗaya ya tsaya idonsa na kan gejin ƙarfin mai tun daga farko har ƙarshe, allura na faɗuwa ko rawa ya kashe nan take. Daga nan a kwance noti a zubar da man da zafinsa, a ba shi lokaci ya tsane sosai, a sa sabuwar filta, a zuba sabon mai na injin gas, 15W-40 mai lambar CH-4 ko CI-4.

Abin da na gani a injin da ya cancanta ya gamsar da ni. Man da ke fitowa ya fi na juyen yau da kullum kauri da baƙi, ƙarƙashin murfin bawul yana haske, ramukan da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu suna buɗewa. A wasu injunan shan mai yana raguwa, domin ringin da ke share mai daga bangon silinda toka ce ta manne shi a raminsa, da aka narkar da ita ya saki. Ban ga ƙarin ƙarfin ja ba, ban kuma ga ragin shan gas da zan iya rantsuwa a kansa ba. Kuma kada wanda ya ga sabon mai ya yi baƙi bayan kwana biyu ya ce an cuce shi. Haka injin gas yake, tokar ƙonewa ce man ke ɗauka, aikinsa ke nan.

Ɓarna kuwa hanyarta sananniya ce, kuma ya kamata kowane mai mota ya fahimce ta. A ƙasan inji, cikin kwanon mai, akwai bututun da famfo ke zuƙo mai ta cikinsa, bakinsa da rariya. A injin da dattinsa ya taurare, minti 15 ba sa isa su narkar da shi. Sai dai maganin ya sassauta gindinsa, ya fara ɓallewa gutsure-gutsure. Masu nauyi ba sa bin mai su fita ta ramin noti, a kwano suke zama. Famfo na zuƙa sai su manne a rariya. Mai ya ragu, na farkon jin jiki su ne metal ɗin karanshaf da na kwanrod, sai tobo idan akwai, domin bututun da ke kai mata mai siriri ne kuma gudunta ya wuce na komai a injin. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sau da yawa wannan ba ya faruwa a gareji. Dattin yana ci gaba da sauka bayan an zuba sabon mai, sai mota ta ɗauki buhu ɗari biyu ta kama hawa, sannan inji ya buga. Filta ma ba ta ceto: idan ta toshe, akwai ƙaramin bawul da ke buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa, da dattinsa, kai tsaye zuwa metal.

Sai yoyo. Ana yawan cewa maganin yana cin sil, wato robar da ke hana mai yoyo. A ganina ba haka ba ne. Robar ce ta tsufa ta ƙeƙashe tun tuni, laka ce ta toshe tsagar, da aka wanke sai gaskiya ta fito. Amma ga mai mota sakamakon ɗaya ne, kuma idan sil ɗin bayan karanshaf ne, sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi. Wanda ya ga jiƙewar mai a wajen fulawil tun kafin wanki ya sa kuɗin wannan aiki a lissafi. Haka injin da ringinsa suka cinye, wanda ke fitar da hayaki ta bakin zuba mai: wanki ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, wani lokaci ma hayakin ƙaruwa yake yi.

Akwai sauran magani da ke maƙalewa a na'urar sanyaya mai da hanyoyin mai, ba ya fita duka. Shi ya sa nake ba da shawarar kada man farko bayan wanki ya kai wa'adinsa. A sauke shi wajen kilomita 1,000 tare da filta, a yanka tsohuwar filtar a buɗe takardarta a rana. Baƙin datti ba komai. Ƙyalli kamar garin tagulla ko na azurfa, metal ne ke ci, a tsayar da motar.

Al'adar zuba gas ko kananzir a madadin magani ban yarda da ita ba. Suna wanki, amma ba su da sinadarin da ke kare ƙarfe daga gogar ƙarfe, kuma ba wanda ke auna abin da yake zubawa. Jabu ma yana yawo, a duba hatimin murfi, a saya wajen dillalin da aka sani. Maganin da ake zubawa a tankin gas don wanke nozul kuwa daban yake, ba a haɗa su. Shi matsalarsa a tsohon tanki ita ce yana tayar da tsatsa da laka su toshe filtar gas, sai a ajiye sabuwa a mota.

Injin da aka samu da kwalta a ƙarƙashin murfi, hannu yake so. A sauke kwanon mai a wanke shi, a kwance bututun rariya a jiƙa a goge har haske ya riƙa ratsa ta, a kankare saman kan inji bayan an toshe ramukan mai da tsumma mai tsabta, a wanke bututun shaƙar iskar inji, a sa sabon gasket. Sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa da mai mai kyau, sabuwar filta kowane karo, domin sinadarin wankin da ke cikin man kansa ya ci sauran dattin a hankali. Idan bayan haka an buɗe murfi aka ga saura laushi ne kawai, kuma geji ya nuna ƙarfin mai bai sauka ba, a lokacin ne gwangwanin zai iya shiga.