Kit ɗin lantarki da maganadisu da na siyo wa 'yan lesin ɗina: abin da ya yi da abin da bai yi ba

Wata biyu kenan ina amfani da wannan kit ɗin, yanzu dai na san cikinsa da bayansa shi ya sa na ce bari in rubuta, saboda malamai biyu sun tambaye ni ko su siya. Ina koyar da fiziks ne da yamma a zauren gidanmu, 'yan SS2 da SS3 masu shirin WAEC da JAMB, kuma duk shekara in muka zo wajen maganadisun da ke kewaye waya mai ɗauke da karant, wato lantarkin da ke gudana a cikinta, sai in ga idanun yara sun yi wani iri. Su haddace dokar hannun dama, su zana da'irori a littafi, amma ka tambayi yaro shin da gaske akwai wani abu a jikin wayar sai ya ce maka ai haka littafi ya ce.

A intanet na gan shi na yi oda, kuɗinsa har da na kawowa ya kusa abin da yaro ɗaya ke biya na na wata. A cikin kwalin akwai ƙananan kamfas guda shida, maganadisu mai siffar kofaton doki ɗaya da miƙaƙƙu biyu, garin ƙarfe a 'yar roba, gidan batir mai cin guda biyu, makunni, wayoyi masu kilif irin mai bakin kada, ƙusa, sai wayar jan ƙarfe 'yar kaɗan ta naɗi. Batir ba ya ciki duk da a hoton talla an sa shi.

Ranar farko na sha kunya, kuma laifina ne ba na kayan ba. Na miƙe waya a saman kamfas na kunna, allura ko gezau. Na kashe na sake kunnawa, shiru. Wani ɗan SS3 da bakinsa ba ya mutuwa ya ce malam ko an yi maka 419 ne, aji ya fashe da dariya. Sai can na lura teburin namu gabas yake kallo, ni kuma na shimfiɗa wayar daga gabas zuwa yamma, to a haka ƙarfin da wayar ke yi a ƙarƙashinta yana kan layi ɗaya da na maganadisun duniya wanda ke sa allura ta nuna arewa, ba abin da zai ture allurar gefe. Da na juya wayar ta bi tsawon allura, kudu da arewa, ina danna makunni sai ga ta ta yi tsalle ta karkace ta ɗan yi rawa ta tsaya. Na juya batir ta karkata ɗaya gefen. Na mayar da wayar ƙarƙashin kamfas ta sake canja gefe. Wallahi zauren tsit ya yi, mai bakin nan shi ya fara cewa a ba shi ya gwada. Abin da masanin kimiyya Oersted ya gani kenan a Denmak a 1820, kuma don wannan kaɗai ban yi da-na-sanin kuɗina ba.

Mun ma yi lissafi a wurin. Waya miƙaƙƙiya mai ɗauke da amfiya 1 (ma'aunin karant) tana ba da maikrotesla 20 (ma'aunin ƙarfin maganadisu) a nisan santimita 1, in ka ninka nisan ƙarfin ya ragu rabi. Mitata ta nuna kusan amfiya 1.5, wato maikrotesla 30 kenan, na duniya kuma a nan wajenmu talatin da 'yan kai ne kuma kusan a kwance yake, shi ya sa allurar ba ta juya gaba ɗaya sai dai ta tsaya wajen rabin hanya, biyun suna jan ta kowa na nasa. Yaran da ke tsoron fomula ranar sun ga lamba ta yi daidai da abin da ke gaban idonsu. Amma a kula, kar a yi a kan tebur mai ƙafar ƙarfe, kuma a sa yara su kwashe wayoyinsu na hannu daga wurin don sifika akwai mayen ƙarfe a ciki, yarinya ɗaya ta ajiye tata kusa muka yi minti biyar muna neman abin da ya hana allura nuna arewa.

Kamfas biyu cikin shidan dama a mace suka zo, allurar na maƙalewa sai ka ɗan buga da farce. Huɗun kuma lafiya lau, da su na kewaye waya a tsaye ta cikin kwali yara suka ga allurorin sun karkata suna bin juna kaman masu zagaye.

Inda raina ya ɓaci shi ne garin ƙarfe. A jikin kwalin ga hoto nan tsaf, waya ɗaya a tsakiya, garin ya jeru da'ira-da'ira gwanin sha'awa, da batir biyu wai. Ƙarya ce. Na barbaɗa, na buga kwalin, na sake barbaɗawa, babu abin da ya fito sai batir da suka yi zafi har na kasa riƙewa, sabbi dal suka mutu a ƙasa da kwata ɗin awa. Kuma ba abin mamaki ba ne in ka duba, maikrotesla 30 ya isa ya juya allurar da ke lilo a kan tsini amma ina zai iya jan garin ƙarfe da ke kwance a kan takarda. Na tura wa mai kayan saƙo ya ce wai in siyi batir mai kyau, daga nan bai sake amsawa ba.

Yadda na yi maganin abin, na je wajen wani mai riwayin ɗin fanka a bayan layinmu ya auno min wayar koyil, na naɗa ta sau 30 a jikin firem na katako mai faɗi, na sa gefe ɗaya ya ratsa ta tsakiyar kwali. Na kawo batirin mashin mai bolt 12 na haɗa shi a jere da ƙwan fitilar gaba don kar karant ya yi yawa, ya ba ni kusan amfiya 3. Naɗi 30 sau amfiya 3 kaman waya ɗaya ce mai amfiya 90. Ina ƙwanƙwasa kwalin da biro sai ga garin yana miƙewa yana jeruwa, zobe a cikin zobe, masu kauri kusa da wayar suna dusashewa in an yi nisa. Da ma haka ya kamata masu kit ɗin su yi tun farko, koyil ɗin da bai fi kuɗin lemo biyu ba. Dan Allah duk wanda zai gwada kar ya haɗa batirin mashin kai tsaye da waya ba ƙwan fitila, za ta yi ja ta ƙone maka hannu.

Da wannan batirin na yi gwajin wayoyi biyu gefe da gefe ma, don a ga ko za su ja juna ko su ture juna, wanda takardar bayanin ta ambata a layi ɗaya ta wuce. Da wayoyin kit ɗin ba za ka ga komai ba, sun yi nauyi, ƙarfin kuma ɗan mitsitsi ne, amfiya 1 da amfiya 1 a tazarar mita 1 abin da suke yi wa juna kashi 2 ne cikin miliyan 10 na niwton (ma'aunin ƙarfin ja ko turi) a kowace mita, da wannan ma aka riƙa fassara amfiya har zuwa 2019. Sai na yanko foyil na kicin siri-siri guda biyu na rataye su sako-sako dab da juna, muka kashe fanka muka rufe ƙofa muna ta zufa. In karant na tafiya hanya ɗaya sai su ɗan matso, in ya saɓa su buɗe. Kusan duk ajin sun yi caccankar akasin haka tunda sun saba da cewa iri ɗaya korar juna suke.

Ƙaramar motar lantarki, wato koyil ɗin da ake naɗawa ya riƙa juyawa kusa da maganadisu, ita ma ta yi, bayan wahala. Takardar ba ta faɗa maka cewa wayar naɗin akwai fenti a jikinta ba, kuma cikin ƙafafun koyil ɗin biyu ƙafa ɗaya za ka kankare duka da reza, ɗayar rabi kawai, in ka kankare duka biyun sai koyil ɗin ya yi ta karkarwa a wuri ɗaya ya ƙi juyawa. Sau uku ina sake naɗi. Da ta tashi kuwa har da tafi. Nan muka shiga dokar hannun hagu ta Fleming, manuni ya bi maganadisu, na tsakiya ya bi karant, babban yatsa ya nuna inda wayar za ta tafi, kuma in ka ga yara ashirin sun ɗaga hagu suna murɗa wuyan hannu sai ka yi dariya, wata ta ce malam a gida ko kofi ka miƙa da hannun nan sai an yi maka faɗa.

Makunnin ya saki a sati na uku, kilif biyu sun tsinke daga jikin wayarsu sai da na kai aka yi min solda. Turancin takardar bayanin kuma sai a hankali, ɗalibi shi kaɗai ba zai fita da ita ba.

Malamin da ya san abin da yake yi kuma ba ya ƙyashin ƙara wayar koyil da aron batirin mashin, ya siya, zai ci moriyarsa. Uban da ke son ya siya ya miƙa wa yaro ya ce je ka koya, gara ya haƙura ko ya haɗa shi da malami. Ni dai tauraro uku na ba su cikin biyar, kuma kamfas ɗin da za su maye matattun biyun a shagon kayan makaranta zan nema, ba a wajensu ba.