Masu jinya a gida da na ɗauka a hutun jikoki: abin da na gani

A nan Zariya akwai wani ƙaramin kamfani da ke tura ma'aikatan jinya gidajen mutane, kuma da shi na yi hulɗa a dogon hutun makaranta da ya wuce, lokacin da jikokina uku, 'yan shekara 13 zuwa 17, suka zo daga Kaduna suka zauna tare da mu. Maigidana yana fama da cutar mantuwa, wadda likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suka tabbatar mana cewa nau'in Alzheimer ce, irin wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu wannan larura. Magungunan da ake bayarwa, kamar donepezil, suna iya sassauta alamomin na wani lokaci, amma ba sa warkarwa, saboda haka nauyin yana komawa ne kan wanda ke tare da mara lafiya dare da rana. Ban so in hana yaran zuwa ba, domin zumunci ne, kuma kakansu ne, amma na san hannuna ɗaya ba zai ɗauki girkin baƙi da kula da Malam ba.

Kafin a turo kowa, wata nas ta zo ta auna jininsa, ta duba magungunansa, ta yi mini tambayoyi a kan lokacin cin abincinsa da barcinsa da irin aikin da ya yi a ƙuruciya. Ta ba da shawara a ɗauke tabarmar bakin ƙofa saboda tuntuɓe, a bar fitila mai caji a kunne a hanyar banɗaki, a kuma rubuta lambar wayata a sa masa a aljihun riga. Na nemi namiji saboda wanka da alwala, suka ba ni wani matashi mai natsuwa wanda yake zuwa bayan azahar ya tashi bayan isha'i.

Wannan lokacin na zaɓa domin tsakanin la'asar da magariba ne rikicewa ta fi kama masu wannan ciwo. Malam kan ɗauki hularsa ya ce zai tafi gida Ƙofar Doka, mahaifiyarsa tana jiransa, alhali ta daɗe da rasuwa. Yaron nan ba ya musu da shi, ba ya kuma tuna masa rasuwar, sai dai ya ce, "To, Baba, bari mu yi alwala tukuna, sai in raka ka." Kafin su idar da salla, su zaga tsakar gida a hankali, a kawo kunu mai ɗumi, maganar tafiya ta bi iska.

Abin da ya fi ɗaga darajarsu a idona shi ne yadda ya tafiyar da jikokin, ko da yake wannan ba ya cikin yarjejeniyarmu. Kowa ya san wasan kaka da jika. Budurwar cikinsu ta saba ta shigo tana cewa mijinta ya tsufa, ta fasa auren, shi kuma ya yi dariya ya ce sai ta dawo masa da sadakinsa. A wannan zuwan da ta faɗa, sai ya ɗaure fuska ya tambaye ni 'yar wace ce wannan mara kunya, yarinyar ta shige ɗaki tana hawaye. Ƙaramin kuwa, Malam ya tsare shi ya ce shi ya sace masa carbi, wanda daga baya aka tsinto a cikin takalminsa. Ma'aikacin ya tara su a zaure ya bayyana musu cewa ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, ba ƙiyayya ba ce, kuma zargin sata abu ne da aka saba gani ga wanda ya ajiye kaya ya manta inda ya sa. Ya ce su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, su zo ta gabansa, kowa ya faɗi sunansa da na ubansa, su daina tambayarsa "Alhaji, ka gane ni?", su kuma rage ƙarar waya da talabijin da yamma. Daga nan babban ya ɗauki raka shi masallacin unguwa, ita kuma ta koma zama da shi suna duba tsofaffin hotuna, inda yakan ambaci abokan aikinsa na da ba tare da kuskure ba.

Akwai inda suka gaza. Sun taɓa sauya ma'aikacin ba tare da sanar da ni ba, kuma baƙuwar fuska ga mai wannan larura ba ƙaramin abu ba ne: ranar Malam ya ƙi karɓar magani, ya ƙi cin tuwo, sai da na zauna na lallashe shi da kaina. Idan an yi ruwan sama mai ƙarfi, wanda ba ya wuya a watan Agusta, ma'aikacin kan makara kuma ofishinsu ba ya ɗaga waya da wuri. Ba su da masu kwana, alhali tashin dare na cikin abin da ya fi gajiyar da mai jinya. Kuɗinsu ma yana da nauyi ga mai dogaro da fansho, da 'ya'yana ba su haɗa hannu ba da ban iya ba.

Wanda zai ɗauke su ya tambaya tun farko ko wanda za a turo nas ne mai rajista ko kuwa mai taimako ne kawai, domin aikinsu da farashinsu ba ɗaya ba ne. Ya kuma nemi a ajiye littafin da ake rubuta magani da abinci da barci, saboda shi na kai wa likita a Shika kuma ya yi amfani. Ni dai na riga na nemi a ajiye mini wannan yaron saboda hutun Disamba, da sharaɗin a rubuta a takarda cewa ba za a sauya shi ba sai da sanina.