Shagon gyaran da ya dawo mini da rabin faifaina na terabayit 4

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce da tace shi, kuma duk wanda ya san wannan aiki ya san cewa kamu da walima na biki guda suna iya cinye gigabayit ɗari kafin a fara yanka ko ɗaya. Wannan ne ya sa na sayi faifan ajiya mai terabayit 4, na ɗaura shi a cikin kwamfutar teburina a matsayin faifai na biyu. Da na kunna na buɗe Disk Management, wurin da Windows take nuna faifai da kasonsu, sai ta fito da wani ɗan akwati tana tambayar tsarin da za a shimfiɗa wa sabon faifan, MBR ko GPT, ni kuwa na zaɓi na saman ba tare da na tsaya karantawa ba, na yi fomatin, na shiga loda aiki. Sai bayan makonni uku, lokacin da na tara kusan gigabayit 900 na bikin mutane, na lura cewa faifan gigabayit 2048 kawai yake nunawa. A cikin Disk Management akwai wani yanki mai baƙin layi a samansa, gigabayit 1678, wanda duk yadda na danna shi sai in tarar umarnin buɗe sabon kaso ya dushe, ba ya amsawa.

Na ɗauka jabu aka sayar mini, domin labarin filas da faifai masu ƙaryar girma ba baƙo ba ne a kasuwa. Wani abokin sana'a ne ya ce kafin in je in tayar da rigima da mai kaya, in fara kai kwamfutar wani ƙaramin shagon gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma game da wannan shago nake rubutu.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai gyaran bai ɗauki sukundireba ba. Ya kunna kwamfutar, ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo mai duba lafiyar faifai, ya juyo mini da allon ya nuna mini da yatsa cewa faifan da kansa yana ba da shaidar gigabayit 4000.7, lafiyarsa kalau, kuma sa'o'in da ya yi yana aiki sun dace da lokacin da na saye shi. Sannan ya ce, “Yallaɓai, kayanka na gaske ne, littafin da aka rubuta adireshin ɗakunansa ne ya yi kaɗan.” Bayanin da ya biyo baya shi ne ya fi komai daraja a wurina. Faifai a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi bayit 512, kuma kowanne yana da lamba. Tsarin MBR, wanda ya zo tun 1983 tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM, bit 32 kawai ya ware domin rubuta wannan lamba, saboda haka iyakar abin da yake iya ƙirgawa shi ne gurabe biliyan 4 da miliyan 294 da ɗoriya. Idan aka ninka wannan da 512 sai a sami terabayit 2.2 a lissafin masu ƙera faifai, wato daidai gigabayit 2048 ɗin da Windows take nuna mini. Duk abin da ya wuce nan yana nan a jikin faifan, amma ba shi da adireshi. Shi kuwa GPT, wanda ya taso daga aikin kamfanin Intel kuma ya zama ɓangaren UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, bit 64 yake amfani da shi, don haka wannan shinge bai shafe shi ba. Ya ƙara da cewa lokacin da yake yaron shago sun sha irin wannan da shingen gigabayit 137, a zamanin da lambar gurbin da kwamfuta take aika wa faifai take bit 28, kafin a faɗaɗa ta zuwa 48.

Na tambaye shi ko sai na sake kwamfuta, tunda tawa tsohuwa ce mai BIOS, tsarin tayar da kwamfuta da aka yi amfani da shi kafin UEFI. Wani zai iya amfani da wannan tambaya ya tallata mini sabon kaya, amma shi ya ce a'a: UEFI yana zama dole ne idan daga faifan GPT Windows za ta tashi, ni kuwa Windows ɗina tana kan ƙaramin faifai daban, wannan babban na ajiya ne zalla, kuma duk Windows daga Vista zuwa yau tana karanta shi. Windows XP mai bit 32 ce ba ta gane shi.

A nan ne muka ɗan yi saɓani. Na ji cewa akwai manhajojin da suke juya MBR zuwa GPT ba tare da goge komai ba, kuma ina sauri, sai na ce, “Injiniya, me zai hana a yi shi yanzu-yanzu?” Ya amsa cewa akwai su, har Microsoft ta saka MBR2GPT a Windows 10 tun 2017, amma wancan domin faifan da Windows take zaune a kai aka yi shi, kuma ko da wace manhaja ce, ba zai taɓa teburin kason faifai ba alhali bikin mutane yana ciki babu kwafi, a kasuwar da wuta take iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. A lokacin raina ya ɗan ɓaci, amma yau na san shi ne mai gaskiya, domin amarya ba ta sake zaman kamu saboda faifan mai bidiyo ya lalace. Ya kwashe kayana zuwa wani faifai nasa, ya buɗe wasu bidiyoyin daga tsakiya da ƙarshe domin ya tabbatar sun kwafu lafiya, sannan ya shiga diskpart, manhajar Windows ta sarrafa faifai da rubutattun umarni. Na lura sau biyu ya duba lambar faifan da girmansa kafin ya rubuta umarnin clean mai share teburin kason faifai, ya bi shi da convert gpt. Wannan matakin bai kai minti ɗaya ba. Ya yi kaso guda da tsarin fomatin na NTFS, yana mai tunatar da ni cewa tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabayit 4, abin da ba zai yi wa mai bidiyo daɗi ba.

Faifan ya fito da kusan gigabayit 3726, kuma kafin in buɗe baki ya riga ni: masu ƙera faifai da 1000 suke ƙirgawa, Windows kuma da 1024, saboda haka terabayit 4 yana bayyana a matsayin 3.63, babu abin da ya ɓata.

Shagon ba ya rasa nakasu. Matsattse ne, kujerar baƙo ɗaya ce, ga ƙarar janaretan maƙwabta. An ce mini in dawo bayan la'asar, amma sai washegari da hantsi aka gama mayar da kayana, kuma da tun farko an faɗa mini cewa kwafin gigabayit 900 zuwa da dawowa yana cin sa'o'i da yawa, da ban yi zirga-zirga sau biyu ba. Ba a faɗi kuɗin aiki ba sai a ƙarshe, ko da yake bai tsawwala ba, kuma ba a ba ni rasit ba. Wanda ya fi damuna shi ne kwafin bidiyoyin da ya rage a faifansa, hotunan matan mutane ne a cikin gidajensu, kuma sai da na yi magana sannan ya goge su. Ya yi hakan a gabana nan take ba tare da gardama ba, amma kamata ya yi ya zama ƙa'idar shago, ba sai mai kaya ya tuna ba.

Duk da haka zan koma, kuma na riga na tura mutum biyu masu irin matsalata. Na shawarce su da su tambayi kuɗin aiki da lokacin gamawa tun a tsaye, su tafi da faifan kwafi nasu idan suna da shi, su kuma tsaya a goge abin da ya rage a gabansu.