Ƙofar shago a New York: rufaffiya ko mai raga?

A 2009 majalisar birnin New York ta yi doka kan ƙofofin ƙarfe masu naɗewa da ake saukewa a gaban shaguna. Daga 1 ga Yuli 2011, duk sabuwar ƙofa sai mai tafiya a gefen titi ya iya hango aƙalla kashi 70 cikin 100 na abin da ke bayanta. Tsofaffin kuma aka ba su wa'adi zuwa Yulin 2026.

Rufaffiyar ƙofa ta fi araha, kuma ɓarawo ba ya ganin kaya balle ransa ya biya. Matsalarta ita ce masu zanen fenti sun mayar da ita allo, titi ya yi duhu da dare. Idan ƙararrawa ta kaɗa ko gobara ta tashi, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba su san abin da za su tarar ciki ba.

Mai raga ta magance wannan, amma gilashin shago yana fili, ana iya zura ƙarfe a fasa shi. Ga mai sayar da gwal ko waya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai na fi karkata ga mai raga, sai dai kuɗin sauyawa a wuyan ƙaramin ɗan kasuwa yake.