Garin kolajin da bushewar fata a Madina: sakamakon wata uku

Na gwada shan garin kolajin (furotin da ke ba fata ƙarfi) na kifi, giram 10 kullum, wata uku cur a nan Madina, inda busasshiyar iska da na'urar sanyaya ɗaki ke tsotse danshin fata. Yana taimakawa, amma bai kai yadda ake zuzuta shi a saidaliyya, wato kantin magani, ba.

Watan farko ba a ga komai ba. Sai wajen mako na 8 ƙwauri ya rage yin furu-furu bayan wanka, fuska kuma ta daina ɗaurewa bayan alwala. Fason dunduniya kuwa yana nan daram. Dalili shi ne ciki yana narkar da kolajin kamar kowane furotin, jiki ya rarraba shi inda yake buƙata, ba fata kaɗai ke samu ba. Binciken da aka yi galibi tsakanin giram 2.5 zuwa 10 ne a rana, na mako 8 zuwa 12, kuma da yawansu kamfanonin da ke sayarwa ne suka ɗauki nauyi.

Kafin ki saya, 'yar'uwa, juya gwangwanin ki karanta. Kolajin daga saniya, kifi ko alade ake samo shi, don haka ki nemi tambarin halal. Na alewa-alewar nan kolajinsa kaɗan ne, ga sukari. Gwangwanin giram 300 wata ɗaya yake yi, wato uku za ki saya kafin ki yanke hukunci.

Wajen haɗawa, idan aka zuba shi a ruwan sanyi dunƙulewa yake yi. A fara dama shi da ruwa mai ɗumi kaɗan, sannan a ƙara lemon zaƙi, yana kashe ƙarnin kifin, ga bitamin C da jiki ke buƙata wajen ƙera nasa kolajin. Kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali, garin zai daskare.

Wadda cin kifi ke tayar mata da borin jini ta ɗauki na saniya. Wani garin ana haɗa shi da biyotin, wani nau'in bitamin B, wanda ke rikita sakamakon gwajin jini na maƙoƙo, sai a faɗa wa likita kafin a ɗibi jini.

Ba ya haskaka fata, duk wanda ya ce miki haka kuɗinki yake so. Man shafawa mai gilisarin ko yuriya, a shafa fata na da sauran laima bayan wanka, shi ya fi saurin nuna aiki, kuma shi ya rufe fason cikin mako biyu.